Samarin Arewa da aikin jinya: Abin da tsohon asibitin Tudun Wadar Zariya ke tunatarwa

Duk wanda ya bi ta ƙofar tsohon asibitin koyarwa da ke Tudun Wada a Zariya da sanyin safiya, zai ci karo da ɗalibai sanye da fararen kaya. Wasu na nufar aji, wasu na neman motar da za ta kai su Shika, inda babban Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma a shekarar 2005. Asibitin ya tashi, amma makarantar koyon aikin jinya ta ci gaba da zama a tsohon gidanta.

A cikin ɗaliban nan akwai 'yan mata, akwai kuma samari. Sai dai idan suka shiga ɗakin marasa lafiya, kowa da sunan da jama'a za su kira shi. Budurwar za a ce mata nas ko sista. Saurayin kuwa, ko da ajinsu ɗaya kuma darasi ɗaya suka ɗauka, sau da yawa likita za a ce masa. Idan ya gyara wa mutane, ya ce shi ma'aikacin jinya ne, akwai wanda zai dube shi da tausayi, kamar wanda ya nufi Kano mota ta lalace masa a Kwanar Dangora.

Wannan ɗan kuskuren suna yana ɗauke da babbar magana. Yana nuna yadda mutane da yawa suka raba aikin asibiti gida biyu a zukatansu: namiji shi ke duba mara lafiya ya rubuta magani, mace ita ke kula da shi. A daidai lokacin da dubban ma'aikatan jinya ke ficewa daga Najeriya, ɗakunan kwanciya kuma na cika da marasa lafiya, wannan rabon ya fara yi wa Arewa tsada.

Lokacin da maza ne ke riƙe da asibiti

Dattawan Zazzau ba za su yi mamakin ganin namiji yana jinya ba, domin da shi suka buɗe ido. A zamanin En'e, ɗakunan shan magani da ke gundumomi maza ne ke riƙe da su. Su ne ake kira malaman asibiti, su ke wanke gyambo, su yi allura, su ɗinke rauni, su raba ƙwayoyi. Karatun boko na 'ya'ya mata bai yaɗu ba a lokacin, saboda haka waɗanda Turawa suka samu suka horar galibinsu samari ne da suka yi elemantare ko midil.

A Wusasa ma, inda mishan ɗin Dokta Walter Miller ya koma daga cikin birnin Zariya wajen 1929, asibitin St. Luke's ya zama wurin koyon aikin lafiya, kuma har yanzu yana da makarantar jinya. Daga wannan unguwa Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewacin Najeriya, ya fito.

Tun kafin zuwan asibitin Bature ma, taɓa jikin mara lafiya ba baƙon abu ba ne ga namijin Bahaushe. Wanzami ke yin ƙaho da kaciya da cire beli. Maɗori ke gyara karaya, ya riƙa zuwa yana duba ɗori har ƙashi ya kama. Ita kuma ungozoma tana ɗakin haihuwa. Rabon aikin da aka sani a gargajiyance ya fi bin jinsin mara lafiya da irin lalurarsa.

Har gobe haka abin yake a gidaje. Idan tsoho ya kwanta ciwo, ɗansa ko ƙanensa ko jikansa namiji ne zai kwana da shi a asibiti, ya juya shi, ya kai shi bayan gida, ya yi masa wanka. Ba wanda ke cewa ya yi aikin mata. Albarka ake sa masa, a ce ya yi jinyar mahaifinsa. Abin tambaya shi ne, me ya sa aikin da ake yabon namiji idan ya yi shi kyauta, ake raina shi idan ya yi karatunsa ya karɓi lasisi?

Inda kalmar "aikin mata" ta samo asali

Aikin jinya na zamani ya ɗauki siffarsa ne a Ingila. Florence Nightingale, wadda ta yi suna wajen kula da sojojin da suka ji rauni a yaƙin Kirimiya daga 1854, ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, kuma mata ta horar. Tsarinta ya tsabtace aikin ya ba shi daraja, amma ya bar shi da fuskar mace. A Birtaniya sai a 1949 aka daina ware wa maza rajista ta daban, babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasar kuma ba ta karɓi maza ba sai a 1960. Rundunar sojin Amurka ba ta ba namiji muƙamin hafsa a sashen jinya ba sai a 1955.

Wannan tsari ne ya shigo Najeriya tare da sunayensa da tufafinsa: sista, metiron, farar riga da 'yar hula. An kafa hukumar ungozomomi a 1930, ta ma'aikatan jinya a 1947, aka haɗe su a 1979 suka zama Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN. Makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Ibadan da aka buɗe a 1952 ta zama abin koyi ga na bayanta. A hankali hoton ma'aikacin jinya a littafin firamare, da kalanda, da fim, ya zama mace mai hula.

A ɓangaren addini ma, misalin da aka fi kawowa mace ce: Rufaida Al-Aslamiyya, sahabiyar da ta kafa tanti a Madina tana kula da masu rauni, wadda a wurinta aka kwantar da Sa'ad bin Mu'az bayan yaƙin Khandak. Tarihinta ya taimaka ƙwarai wajen shawo kan iyaye su bar 'ya'yansu mata su shiga aikin. Amma babu wani malami da ya ce falalar kula da mara lafiya ta tsaya a kan mata. Musulmi da Kirista a Zariya sun haɗu a kan cewa tsayawa a kan mara lafiya aikin lada ne.

Alƙaluman duniya sun nuna yadda hoton ya kafu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na 2020 ya ce cikin ma'aikatan jinya miliyan 27.9 da ke duniya, kusan tara cikin goma mata ne. Amma rahoton ya nuna wani abu da ba a cika ambata ba: a nahiyar Afirka ne maza suka fi yawa a aikin, kusan ɗaya cikin huɗu. Ke nan samarin Tudun Wada ba su ne suka fara ba, gado suka tarar.

Ɗakin maza na buƙatar maza

Hujja mafi ƙarfi ta jawo maza cikin aikin jinya a Arewa tana cikin al'adar Arewa kanta, wato kunya.

An daɗe ana magana a kan matan da ke ƙin zuwa asibiti, ko mazajensu su hana su, saboda namiji ne zai duba su. Wannan matsala gaskiya ce, kuma ta ci rayuka. Amma ɗaya gefen ba a cika tada shi ba. Dattijo mai shekara 70 da fitsari ya toshe masa, za a sa masa roba. Magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye, sai an juya shi kowane 'yan sa'o'i don kada gyambon kwanciya ya kama shi, sai an yi masa tsarki, an sauya masa tufafi. Saurayin da aka yi wa aikin ƙaba, sai an duba wurin ɗinki kullum. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane sun gwammace su danne ciwo da su buɗe jikinsu gaban yarinyar da ta yi sa'ar 'yarsu ko jikarsu.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga masu aikin asibiti. Mara lafiya ya ɓoye abin da ke damunsa, ko ya ce ɗansa ne zai yi masa, alhali ɗan bai san yadda ake yi ba, ko kuma ya matsa a sallame shi kafin lokaci. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa asali namiji ya kula da namiji, mace ta kula da mace, sai idan lalura ta sa dole. Lalura na halatta abu, amma idan ta zama ita ce ƙa'idar kullum saboda al'umma ba ta horar da isassun mutane ba, laifin ya koma kan al'ummar.

Wannan nauyi yana kan mata ma'aikatan jinya su ma. Su ne ke shiga ɗakin maza da tsakar dare, wani lokaci mutum ɗaya ko biyu a kan gadaje masu yawa, su ɗaga ƙato, su sha baƙar magana daga 'yan uwan mara lafiya, wani lokaci har da cin zarafi. Ƙarin abokan aiki maza sauƙi ne a gare su.

Akwai kuma sassan da buƙatar ta fi fitowa fili. Zariya na kan babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, ga ta Funtuwa zuwa Sakkwato, ga ta Jos, kuma idan aka yi haɗari babba, Shika ake nufa. Sashen agajin gaggawa, ɗakin tiyata, sashen ƙashi, da na masu taɓin hankali duk wurare ne da ake son ma'aikata na kowane jinsi. Yawancin waɗanda shaye-shaye ke kaiwa asibitin ƙwaƙwalwa samari ne, kuma saurayi yakan fi sakin jiki ya faɗi abin da ke cikinsa idan wanda ke gabansa ya san zaman majalisa da irin abokan da suka ja shi.

Giɓin da ficewa ta bari

Ko da babu maganar kunya, lissafi kawai ya isa hujja. WHO ta ƙiyasta cewa ƙasa na buƙatar aƙalla likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi 4.45 ga kowane mutum 1,000 kafin ta iya kai kulawar lafiya ga kowa. A Najeriya, ma'aikatan jinya da ungozomomi ba su kai biyu ga mutum 1,000 ba, kuma rabon ya fi muni a karkarar Arewa.

A watan Fabrairun 2024, magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. A rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, Najeriya ce ta uku a cikin ƙasashen waje da suka fi yawan mutane, bayan Indiya da Filifins. Hakan na faruwa duk da cewa Najeriya na cikin ƙasashe 55 da WHO ta lissafa a 2023 a matsayin waɗanda bai kamata a riƙa zawarcin ma'aikatan lafiyarsu ba.

Hukumar ta yi ƙoƙarin rage gudun ta hanyar fitar da ƙa'ida a farkon 2024 cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita. Ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, suna cewa a gyara albashi da yanayin aiki maimakon a kulle ƙofa. A ƙarshen watan Yulin 2025 kuma ƙungiyarsu ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus-alawus, da ɗaukar sabbin ma'aikata, da tsarin albashi, kafin ta janye bayan 'yan kwanaki.

Gwamnatin Tarayya ta mayar da martani da faɗaɗa guraben karatu. Ma'aikatar Lafiya a ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta sanar da ɗaga adadin ɗaliban da ake ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000, daga baya kuma ta ce ya haura 100,000. A nan maganar maza ta shigo. Idan gurabe sun ninka, su wa za su cike su? A jihohin da 'yan matan da ke kammala sakandare da kiredit a darussan kimiyya ba su da yawa, barin rabin matasa a waje saboda ana ganin aikin bai dace da su ba asara ce a fili.

Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma manufarta ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya a matakin farko mai aiki. Gini ba ya jinya. Cibiyar da ake so ta yi aiki dare da rana na buƙatar mutanen da za su yi karɓa-karɓa, a Giwa, a Soba, a Kubau, a Birnin Gwari.

Raini ya fi jinsi ciwo

Idan aka bi diddigin abin da ke hana saurayi cike fom ɗin makarantar jinya, za a ga tsokanar abokai tana ciki. Akwai mai ce masa zai ƙare a ɗaukar fo, akwai mai jifansa da kalmar ɗan daudu. Amma abin da ya fi nauyi shi ne matsayi.

A gidaje da yawa, yaron da ya iya kimiyya likita ake so ya zama. Idan makin JAMB bai kai ba, sai a ce ya "yi maneji" da jinya, kamar wanda ya rasa tuwo ya haƙura da ƙanzo. Wasu samarin sukan shiga da niyyar sake jarrabawa su tsallaka. Wanda ya shiga aiki yana jin cewa matsayi na biyu ya samu, da wuya ya yi alfahari da shi, da wuya kuma ya ja ƙanensa.

Tushen wannan raini shi ne rashin sanin aikin. Mutane da yawa na ɗauka ma'aikacin jinya yaron likita ne, mai miƙa almakashi. Alhali likita yakan zagaya ya wuce, ma'aikacin jinya ne ke tare da mara lafiya sa'a 24. Shi ke lura numfashi ya sauya, ko hawan jini ya faɗi, ko ƙarin jinin da aka sa bai karɓi jiki ba. Shi ke lissafin adadin maganin da za a ba jariri, inda kuskuren ɗigo kaɗan kan zama ajali. A asibitocin karkara da yawa inda likita ɗaya ne ko babu, shi ne asibitin gaba ɗaya.

Sai maganar aljihu. A al'adar Bahaushe namiji ne ke ɗaukar nauyin gida, kuma iyayen yarinya za su tambayi sana'ar mai neman aure. Saurayin da ke ganin ma'aikatan jinya na yajin aiki a kan alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba, ga dutin dare, ga bambancin albashi tsakanin asibitin tarayya da na jiha, ga abin da ƙananan asibitoci masu zaman kansu ke biya, dole ya yi lissafi. Duk wani gangamin wayar da kai da bai taɓo wannan ba, zai tsaya a bakin fosta.

Tsaro ma na ciki. A watan Yulin 2021 'yan bindiga sun shiga gidajen ma'aikatan Cibiyar Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa da ke Saye, a wajen Zariya, suka sace mutane, ciki har da ma'aikatan jinya da ƙananan yara. Akwai masu cewa a tura maza wuraren da mata ba za su iya zama ba. Amma ɗan bindiga ba ya tambayar jinsi. Namiji ba garkuwa ba ne, kuma ɗaukarsa aiki ba zai maye gurbin katanga, da fitila, da jami'an tsaro ba.

Kada gyaran gangar auzinawa ya biyo baya

Akwai masu ɗar-ɗar da wannan kira, kuma suna da hujja. Aikin jinya da na ungozoma na cikin 'yan ƙofofin da suka buɗe wa matan Arewa hanyar albashi da mutunci, bayan gwagwarmayar shekaru da iyaye da mazaje. Kuma babban ramin da ke cin rayuka a yankin yana ɗakin haihuwa.

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kimanin 82,000 ne suka mutu a Najeriya a 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, ƙasa da haihuwa ɗaya cikin biyar ce ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa. Wannan giɓi mata ne za su cike shi, domin mace ce mafi yawan iyalai za su yarda ta karɓi haihuwa. Shi ya sa shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ya mayar da hankali kan ɗauko 'yan matan karkara, a ba su karatun share fage, su shiga makarantun lafiya su koma garuruwansu.

Saboda haka idan jawo maza na nufin a rage wa 'yan mata kujeru a aji, an yi ba a yi ba. Abin da ake buƙata ƙarin kujeru ne, da ƙarin malamai, da ƙarin ɗakunan kwana na ɗalibai.

Damuwa ta biyu ita ce shugabanci. Wata masaniyar zamantakewa a Amurka, Christine Williams, ta nuna tun 1992 cewa mazan da suka shiga sana'o'in da mata suka fi yawa sukan yi saurin hawa sama fiye da matan da suka tarar. Rahoton WHO na 2019 ya ce mata su ne kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya a duniya, amma kashi 25 kacal suke riƙe da shi na manyan muƙamai. A Najeriya ba sai an je nesa ba: shugabannin ƙungiyar NANNM na baya-bayan nan, Abdulrafiu Adeniji, da Michael Nnachi, da Haruna Mamman, duk maza ne, a ƙungiyar da mafi yawan mambobinta mata ne.

Wannan na nuna cewa ƙarancin maza ya fi tsanani a bakin gado, ba a ofis ba. Idan samari suka shigo da niyyar su yi shekara biyu a ɗakin marasa lafiya su tsallaka ofis ko siyasar ƙungiya, dattijon da ke jiran wanda zai sa masa robar fitsari bai amfana da komai ba.

Hanyar shiga

Ga saurayin da ke Tudun Wada, ko Gyallesu, ko Tudun Jukun, ko cikin birni, hanyar ba ta da nisa. Ana buƙatar kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Makarantun jinya da a da suke yin shekara uku suna komawa tsarin kwaleji, inda ake shiga ta JAMB a yi babbar difloma cikin shekara huɗu. A jami'a kuma, kamar Sashen Kimiyyar Jinya na Jami'ar Ahmadu Bello, digirin shekara biyar ne, sannan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Ko ta ina aka bi, sai an ci jarrabawar NMCN kafin a samu lasisi.

Bayan makarantar asibitin koyarwa da ta Wusasa, jihar na da kwalejin jinya da ungozoma mai hedikwata a Kafanchan. Wanda ya gama kuma yana da inda zai ƙware: jinyar masu taɓin hankali a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano. Akwai masu ƙwarewa a aikin tiyata, da sa barci, da wankin ƙoda, da kula da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa. Akwai masu kaiwa matakin farfesa.

Iyaye na da abin lura guda: yawaitar gurabe ta jawo yawaitar makarantu masu zaman kansu, kuma ba kowace ce ke da amincewar hukuma ba. Kafin a biya kuɗi, a tabbatar sunan makaranta na cikin jerin da NMCN ta amince da su. Haka nan, wanda ya koyi allura a kemis ko a wani ƙaramin asibiti, komai daɗewarsa, ba ma'aikacin jinya ba ne a idon doka.

Abin da ya rage a yi

Sauya tunani ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. Zariya gari ne na makarantu, daga Barewa zuwa Alhudahuda. Idan mazan da suka yi shekaru a aikin jinya suka riƙa shiga makarantun sakandaren maza suna bayyana abin da suke yi a rana guda, yara za su ga abin da littafi bai nuna musu ba. Ranar 12 ga Mayu, Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, dama ce da ake bari tana wucewa a tattaki da jawabai.

Limamai da fastoci na da rawar takawa, domin hujjar a hannunsu take: mutuncin mara lafiya da suturta shi. Masu shirya finafinan Hausa su ma za su iya daina nuna ma'aikaciyar jinya a matsayin mai tsawa da taunar cingam, su nuna namiji a bakin gado ba tare da an mayar da shi abin dariya ba. Asibitoci kuma su sa wa kowane ma'aikaci alamar suna da muƙami da Hausa, don mara lafiya ya san wa ke gabansa. Shi ma ma'aikacin jinyar da aka kira likita, gyaran na hannunsa. Duk lokacin da ya yi shiru ya karɓi sunan, ya ƙara tabbatar wa mutane cewa nasa sunan abin ɓoyewa ne.

Babban nauyin dai na kan gwamnati. Ita ce za ta ɗauki waɗanda aka yaye aiki, domin abin mamaki a ƙasar da ke kukan ƙarancin ma'aikata shi ne akwai masu lasisi da ke zaune a gida. Ita ce za ta biya albashin da zai riƙe magidanci da matar aure, ta ba da alawus ɗin karkara, ta tsare rayukansu. Ita ce kuma za ta riƙa fitar da alƙaluman maza da mata a kowane mataki, daga aji zuwa ofishin darakta, don a ga inda aka karkata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Shika, da asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da ƙananan cibiyoyin ƙauyukan Zazzau, akwai ɗakin mata, akwai ɗakin maza, kuma kowanne na da wanda ke kwance yana jiran a zo. Samarin da ke shiga ƙofar makarantar Tudun Wada da fararen kaya, ɗakin da iyayensu maza za su kwanta wata rana suke shirin riƙewa.